Turancina Ya Kai Ni Yamai

'Yan uwana mata, na gama NCE a Argungu na dawo Mungadi, aiki ya ƙi samuwa. Ana haka, Yamai ta shiga shirin taron Tarayyar Afirka na 2019. Sababbin otal-otal suka tashi, ma'aikatansu kuwa Faransanci suka karanta, ga baƙi masu Turanci na tafe. Goggona da ke aure can ta aiko in je in koyar da su.

Baba ya ce, "'Ya mace a otal? Allah ya kiyaye!" Sai da Goggo ta rantse ɗakinta zan riƙa kwana. Ta Kamba da Gaya muka bi.

Da Hausa nake yi wa masu gyaran ɗakuna bayani, nan da nan su kama. Wanda zan aura kuwa, tunda ya ji kalmar otal bai sake aiko ko gaisuwa ba.