Agogon Baƙo da Lokacin Mutanen Galma

Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne. Abin da ya fi shige wa baƙo duhu a karkararmu kuwa shi ne lokaci. Daga 1962 zuwa 2011 matasan Amurka na ƙungiyar Peace Corps sun yi ta zuwa Nijar aikin sa-kai. Sukan fara koyon harshe a Hamdallaye kusa da Yamai, sannan a rarraba su ƙauyuka su yi shekara biyu. An janye su a watan Janairun 2011, bayan sace wasu samari Faransawa biyu a Yamai. Ina cikin waɗanda suka taya wasunsu gyara Hausarsu a yankin Madawa, kuma kukansu na farko iri ɗaya ne: rana ba ta tafiya.

Wata daga cikinsu, da ta zauna a wani ƙauye na Galma, ta zo da takarda cike da ayyukan da take son kammalawa. Ta sa taron mata ƙarfe tara na safe, ba wadda ta iso sai da rana ta take. A wannan sa'a suna bakin rijiya, ko suna kan turmi. Ta je gun maigari da magana ɗaya, aka yi ta gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina baƙunta. Ta tambaye ni: "Malam, yaushe ake fara aiki a nan?" Na ce mata an riga an fara, domin gaisuwar nan ita ce awon da ake yi wa mutum kafin a ba shi amana.

A aji ina koyar da sa'a da minti cikin Faransanci. Idan na juya ga Hausa sai in sami asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru da lisha. Kowanne cikinsu yana da faɗi, kuma yana rataye da salla ko da wani aiki. Manomin albasa a garkarsa ya san bayan dashe sai ya yi watanni yana ban ruwa safe da maraice, ba kuwa agogon da zai sa ta nuna kafin kwananta su cika. Wanda ya kira wannan lalaci bai taɓa jan guga ba a watan bazara.

Baƙuwar nan ta ajiye takardarta. Ta koyi zama a tabarma har a sha shayi na uku, ta je suna, ta je ta'aziyya, aka raɗa mata sunan Hausa. A shekararta ta biyu matan da kansu suka zo mata da shawarar kafa asusu, kuma asusun ya ci gaba bayan tafiyarta. Haka ma aikin raya karkara na Keita, da aka soma a 1984 da taimakon Italiya da hukumar FAO: shekaru aka kwashe mata suna ɗaukar duwatsu a kai kafin faƙo ya koma gona.

Abin da ke damuna a yau, ya ku malamai ƴan'uwana, shi ne baƙin sun tafi amma gaggawar ta dawo ta hannunmu. Malami ɗan ƙasa yakan sauka ƙauye da salula a hannu, yana ƙidayar kwanakin komawa birni. Bai gaida liman ba, bai san gidan ɗalibinsa ba, sai ya ce iyaye ba su son boko. Uban da bai taɓa zama da kai ba, ta yaya zai bar maka ɗiyarsa shekara shida? Ina roƙon ƙungiyoyinmu na raya al'adu su riƙa yi wa sababbin malamai wannan darasi kafin a tura su karkara. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata.