Daga Magariya zuwa Bagazam: shirin hawan dutse da damina

Ƙasar Magariya, da ta Dungas wadda aka ɓalle daga jikinta a shekarar 2011, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce: rairayi, gawo, goruba, sai kwaruruwa inda ake noman rake. Mutum zai wuni yana tafiya bai gamu da dutsen da zai sa shi haki ba. Duwatsun Birnin Damagaram kuwa yara ma suna hawansu da la'asar. Saboda haka ɗan wannan yanki da ke sha'awar dutse na sosai sai ya fuskanci arewa, ya nufi Abzin, inda Bagazam yake, wanda ƙololuwarsa, Idukal-n-Tagas, ta kai mita 2,022. Duk faɗin Nijar babu inda ya fi nan tudu.

Sunan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Dokin Bagazam ya daɗe yana da daraja a fadojin sarakuna, Gobirawa kuma suna riƙe da labarin cewa a Abzin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Ayarin gishirin da Bajamushen nan Barth ya biyo daga Abzin zuwa Damargu a ƙarshen 1850 bai mutu ba, ko da yake motoci sun rage masa ƙarfi.

To, a wajen wannan ayari ne shiri yake farawa, ba a tashar mota ba. Mutanen Kel Ewe, mazauna Bagazam da Timiya, sukan tafi Bilma da kaka su ɗauko kantu da dabino, su sauko ƙasar Damagaram da rani su musanya da gero, raƙumansu na kwana a gonaki suna barin taki. Da damina suna gida. Suna jin Hausa sarai, sun san kowace rijiya da kowace mashiga ta dutsensu. Mai hankali tun da rani yake neman ɗan jagoransa a cikinsu, su san juna, su ci tuwo tare, ya karɓi sunan ƙauyensa da lambar wayarsa. Direban Agadas ya san hanyar mota. Daga gindin dutse zuwa sama, ilimin na wani ne.

Dalilin wannan taka-tsantsan shi ne lokacin tafiyar. Malamin makaranta da ɗalibin jami'ar Damagaram ba su da dogon hutu sai daga Yuli zuwa Satumba, wato tsakiyar damina. Ba shakka a lokacin ne Abzin ya fi kyau: ciyawa ta fito, tafkunan cikin duwatsu sun cika, awaki suna ba da nono. Amma kuma a lokacin ne yake kisa. Ɗan Magariya ya saba da ruwan da ke sauka rairayi ya shanye. A can kuwa dutse ba ya shan ruwa, tara shi yake yi ya turo cikin kori. Hadari zai zuba a wani wuri mai nisa, sama garau a kan matafiyi, sai busasshen korin da ya shimfiɗa tabarma a ciki ya taso da itatuwa da duwatsu. Ambaliyar korin Telwa da ta rushe unguwanni a Agadas a farkon Satumban 2009 ta isa misali. Don haka ba a kwana a cikin kori, komai laushin yashinsa da sanyin inuwarsa, ba a kuma musu da ɗan jagora in ya ce a dakata.

Ya kamata wannan ya shiga cikin yarjejeniya tun ba a tashi ba, a gaban shaidu: nawa ne ladan jagora a yini, wa zai biya hayar jakunan da za su hau da kaya, wa zai yi girki, kuma kwanakin da aka ɓata ana jiran kori ya janye a kan wa suke. Wannan na ƙarshe shi ne yake ɓata zumunci. Gara a ƙara kwana uku a lissafi, a ƙara guzurinsu.

Hanyar ba ta da wuyar faɗi: Magariya zuwa Damagaram kusan kilomita 90, daga nan ta Tanut da Adarbisinat zuwa Agadas kimanin 450, sannan hanyar ƙasa zuwa Tabelot, garin albasa, a gindin dutsen.

Guzuri ba sai na gwangwani ba. Furar Buzaye, ta gero da dabino da cuku, ta riƙe ayari a Tenere, za ta riƙe mai hawan dutse. A haɗa da shayi da sukari, wanda rabinsa kyauta ce ga masu masauki, da jarkar ruwa, da maganin zazzaɓi. Takalmi ya zama wanda ƙafa ta riga ta saba da shi. Sabo ɗanyen ciwo ne. Bargo kuma dole, ko da mutum ya baro Dungas yana gumi, domin dare a sama yana da sanyi.

Saura batun tsaro, wanda ba a wasa da shi. Tawayen da aka kashe wutarsa da yarjejeniyar 24 ga Afrilun 1995, da na 2007 zuwa 2009 wanda aka binne nakiyoyi a hanyoyi, da sace Turawa a Arlit a 2010, sun kori masu yawon buɗe ido, jagorori da yawa suka koma lambu. A riƙe katin ɗan ƙasa, a sanar da jandarmomi a Agadas, a ji ta bakin hukuma kafin a fita gari. In ta ce a'a, tafiya ta koma baɗi.

Wanda ya sauko a farkon Satumba yana iya ratsawa ta Ingal ya ga taron makiyaya na shan gishiri, ya kuma iso gida kafin a gama girbin gero, kafin a buɗe makarantu a Oktoba.