Mu Huɗu da Janareta Ɗaya

A 2009 na kama aiki a wani ɗan kamfanin gina shafukan intanet a Kano, ɗaki ɗaya a saman wani shago wajen Zoo Road. Kamfani dai a baki: mu huɗu ne, sai janareta mai tari. Mai wurin, wanda muke kira Oga ko da yake kusan sa'ana ne, ya tambaye ni ko zane na iya ko rubuta kod. Na ce duka ina taɓawa. Ya ce, "Madalla. Albashin dai ɗaya ne."

A manyan kamfanoni mai zane daban, mai gini daban, kowa yana da wanda zai ɗora wa laifi. Ni kuwa abin da na zana da hantsi a Photoshop, ni zan yanyanka shi bayan azahar in harhaɗa da HTML da CSS. Duk ƙawar da hannuna ya ƙaƙalo da safe, kaina ne zai biya kuɗinta da yamma. Ba a daɗe ba na daina son kwalliyar banza.

Babban abokin gabarmu Internet Explorer 6 ne, wanda ya fito tun 2001 amma ya ƙi tsufa a ofisoshi da kafe-kafe masu Windows XP. Ka gama shafi tsaf a Firefox, ka buɗe a can, sai ka tarar jerin gefe ya zame ƙasa, hoton PNG da ya kamata a ga bayansa ya yi toka-toka. Akwati mai lanƙwasassun kusurwoyi, da yau layi ɗaya ke yi, sai mun yanka masa ƙananan hotuna huɗu. Haruffanmu masu ƙugiya kuma nasu ciwon kan daban. Idan rumbun MySQL ba a kan UTF-8 yake ba, duk ƙ da ɗ da ɓ alamar tambaya suke komawa. Ka gyara wannan, wayoyi da yawa su nuna maka akwati a gurbin harafin. Masu ba mu aiki sai su ce a cire ƙugiyar kawai a huta. Mukan cire, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

Sabar da muke haya tana Amurka, biyanta da dala, don haka Oga ya san 'yan canjin Wapa fiye da mu. Ɗora aiki kuwa sai dare ya raba, da FileZilla da ɗan modem, ana yi ana salati. An kunna wayar Main One ta ƙarƙashin teku a Legas a 2010, amma sauƙin bai yi saurin isowa wajenmu ba.

Wani Alhaji mai atamfa a Kantin Kwari ya so shafinsa ya buɗe da Flash, hotonsa yana juyawa, kiɗa yana tashi. Na karɓi Nokiarsa na buɗe masa irin wannan shafi a Opera Mini. Fari fat. Na ce, "Ranka ya daɗe, masu sayen kayanka da wannan za su duba."

Ya jujjuya wayar, ya ce, "To yaro, cire. Amma a bar hotona, kuma lambar waya ta fito ƙato."

A kan lambar ya fi ni gaskiya: ba wanda ya taɓa cike fom ɗin saƙo, kira kawai ake yi. Flash ɗin ma Adobe ta rufe babinsa a ƙarshen 2020.

Abin da ya cinye kasuwarmu Facebook ne. Ƙananan 'yan kasuwa suka gane za su buɗe shafi kyauta, su ɗora hoto da kansu ba sai sun jira mu ba. Oga ya karkata ga gina wa makarantu manhajar duba sakamakon jarrabawa, inda ba a bukatar mai zane sosai, ni kuma na koma PHP gadan-gadan.