Mai ƙera ƙananan jiragen ƙasa

A ƙasar Ingila akwai mutanen da ke shimfiɗa ƙaramin layin dogo a cikin lambun gidansu. Dogon yana zagaya furanni, ya bi ta kan ƴar gada, ya dawo inda ya taso. Masu kuɗi sukan sayi jirginsu a kanti. Wasu kuwa da hannunsu suke ƙera kan jirgin da taragu, tun daga ƙafa har bututun hayaƙi. Wanda ya fi suna a cikin irin waɗannan maƙera shi ne Malam Lorans.

An haifi Lorans a birnin Landan a shekarar 1883. Iyayensa talakawa ne, ba su da halin saya masa kayan wasa masu tsada. Tun yana yaro ba abin da yake so kamar jirgin ƙasa. Da ya tasa sai ya sami aiki a wani kamfanin jirgin ƙasa mai zuwa daga Landan har bakin teku ta kudu. Ya fara da goge injin. A nan ya san yadda kan jirgi yake aiki, ciki da waje. Haruffan sunan kamfanin, wato LBSC, su ne ya riƙa sa wa rubuce-rubucensa a maimakon sunansa.

Kan jirgi mai tururi yana da ɗakin wuta da tukunyar ruwa. Ana hura kwal, wato gawayin dutse irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, kusa da Agadas. Zafin wutar yana bi ta cikin ƙananan bututu da suka ratsa tukunya, har ruwa ya tafasa. Tururi ya tura fistan gaba da baya, fistan kuma ya juya ƙafafu. Idan tururin ya gama aikinsa, sai ya fita ta bututun hayaƙi da ƙarfi, ya jawo iska ta cikin wuta. Saboda haka duk lokacin da jirgi ya ƙara himma, wutarsa ma ƙara ruruwa take yi.

A wancan zamani, masu sayar da ƙananan jirage suna cewa ƙaramar tukunya ba za ta iya aiki da kwal yadda ya kamata ba. Nasu jiragen da alkol suke tafasa ruwa, kamar ƴar fitila a ƙarƙashin tukunya. Lorans bai yarda ba. A ganinsa, in aka ƙera ƙaramin daidai da yadda aka ƙera babban, to zai yi aikin babban gwargwadon ƙarfinsa. Gardama ta yi tsawo a cikin wata mujalla ta maƙeran ƙananan injuna mai suna Model Engineer.

Maimakon ya tsaya ga cacar baki, sai Lorans ya shiga maƙerarsa. Ya ƙera wani kan jirgi ya sa masa suna A'isha. Faɗin dogonsa bai wuce santimita 6 da ɗan ɗori ba, alhali faɗin dogon manyan jiragen Ingila mita 1 ne da santimita 43 da rabi. A shekarar 1924 aka yi baje kolin ƙananan injuna a Landan. Aka kawo A'isha, aka kuma kawo wani jirgi mai aiki da alkol, wanda kamfanin Bassett-Lowke ya ƙera. Jama'a suka taru. Aka hura wa A'isha kwal, tururi ya taso, sai ga ta tana jan babban mutum zaune a kan tarago. Gani ya kori ji.

Amma ba wannan ne babban aikin Lorans ba. Babban aikinsa shi ne koyarwa. Ya yi shekaru fiye da 40 yana rubutu a cikin mujallu, yana nuna wa mutane yadda za su ƙera nasu jirgin, mataki bayan mataki. Bai ɓoye sirrin sana'arsa ba. Yakan yi bayani cikin magana mai sauƙi, domin ma'aikacin da ba shi da kuɗi kuma bai yi dogon karatu ba ya gane. Ya zana fasalin kan jirgi iri fiye da 100. A cikinsu har da wani ɗan ƙarami mai suna Tich, wanda ya tsara domin masu koyo.

Aikin yana bukatar haƙuri. Da farko sai an yi lissafi. Idan za a rage jirgi sau 20, to taragon da tsawonsa mita 10 ne zai koma santimita 50. Kowane sashe sai an rage shi haka, ƙofa da taga da ƙafa, in ba haka ba jirgin zai fito a karkace. Bayan lissafi sai a zana a takarda, sannan a shata a kan ƙarfe. A yanka da zarto, a goge da magagari, a huda ramuka. Ƙafafu kuwa a kan injin sassaƙar ƙarfe ake daidaita su, don su zama da'ira sosai.

Tukunya da jan ƙarfe ake yin ta, domin ba ya tsatsa, kuma yana ɗaukar zafi da sauri. Kafin a sa mata wuta sai an jarraba ta da ruwan sanyi, a matsa shi da famfo fiye da matsin da za ta yi aiki da shi. In akwai ɓula, ruwa ne kawai zai tsirto. Da tururi ne, da ya ƙona mutum. Taragu sun fi sauƙi: katako da langa-langa da ƙananan ƙusoshi sun isa. Sai dai a shafa musu fenti da kyau, tun da yake a waje suke aiki, kuma Ingila ƙasar ruwan sama ce. Kan jirgi guda yakan ci wa mutum shekara biyu ko fiye, in da dare kawai yake taɓa shi bayan ya tashi daga aiki.

Lorans ya shimfiɗa nasa dogon a bayan gidansa, a kudancin Landan. Ya rasu a shekarar 1967, amma har yanzu ana ƙera jirage bisa zane-zanensa.

Yaron da ya fere karan dawa ya haɗa mota, ko ya yanka gwangwanin tumatir ya yi mata ƙafafu, hanyar da Lorans ya fara bi ita yake bi. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi awo da lissafi a lakwal, ya duba abu da kyau kafin ya kwaikwaye shi, kuma in ya iya, ya koya wa ƙanensa.

Tambayoyi

1. Wane aiki Lorans ya yi a kamfanin jirgin ƙasa?
2. Me ya sa ake jarraba tukunya da ruwan sanyi?
3. Idan an rage mota mai tsawon mita 4 sau 20, santimita nawa za ta zama?