Hamadu Mai Lambu, Gwanin Iyo

A Kona ruwa baƙo ne. Yana zuwa da damina, ya cika tabki, ya yi ƴan watanni, ya tafi. In kaka ta wuce sai laka, in rani ya tsaya sai rijiya da guga. Gulbin Kaba ma da ya ratsa ƙasar Tasawa da ta Mayahi, sunansa ne gulbi, amma yawancin shekara rairayi ne da goriba. Shi ya sa in an gaya wa mutumin Kona cewa akwai babban mutum da ya riƙi iyo wasansa, har ana sa shi jirgin sama a kai shi gasa, dariya zai yi. A ganinsa iyo wasan yara ne. In kuwa babba ya gwanance a kai, sai a ce gadon Sarkawa ne, ko yana da asirin ruwa.

To, ga labarin wani ɗan ƙasa, Hamadu Jibo Isaka. An haife shi a 1977. A 2012, a Yamai yake aikin lambu, yana kuma kula da kwamin iyo. Ya taɓa zama ɗan gasar iyo. A shekarar 2012 sunansa ya kai ƙasashen da bai taɓa takawa ba.

Kwamin iyo rami ne babba da aka gina da siminti, aka cika da ruwan famfo. Na gasa tsawonsa mita 50 ne, wato kamu 100 ke nan. A Nijar irin waɗannan wurare kaɗan ne, yawancinsu ƙanana, na otel-otel. Mai kula da su ba ya zama. Zai kwashe ganyen da iska ta zubo, ya goge gansakuka, ya zuba magani dangin jabel don kashe ƙwayoyin cuta. Idonsa kuma na kan masu wanka, kada wani ya nutse. Aikin talaka ne, albashinsa ba yawa. Amma ga mai son iyo yana da wata riba: ruwa na gabansa kowace safiya, ba sai ya biya kuɗin shiga ba.

Ɗan iyon da ke neman abincin gida ba shi da yini guda na horo. Sai ya tsakuro lokaci bayan sallar asuba, ko da marece in an tashi aiki. Horon kuwa babu daɗin kallo. A je wancan bango, a taɓa, a juyo, a dawo. Haka sau talatin, sau hamsin, sau ɗari. Wanda ya taɓa bin kunya da haiwa daga safe zuwa azahar ya san irin wannan haƙuri. Bambancin shi ne, manomi yana waiwayawa ya ga abin da ya nome. Shi ɗan iyo in ya waiwaya, ruwa ya rufe sawunsa, sai agogo kaɗai ke gaya masa ko ya ci gaba. Manyan gwanayen duniya suna yin kilomita 10 ko fiye a yini, kwana shida a mako. Wannan tsallaka babban kwami ne sau 200. Su ba su da wani aiki sai shi, akwai mai horonsu, akwai likitansu, akwai mai duba abin da suke ci. Mai lambu ba shi da ko ɗaya.

Iyon gasa iri huɗu ne. Akwai na rub-da-ciki, hannu bi da bi, shi ya fi sauri. Akwai na rigingine. Akwai irin na kwaɗo. Akwai wanda ake ɗaga hannu biyu tare, an ba shi sunan malam-buɗe-littafi, shi ya fi cin ƙarfi. Amma kan maganar duka numfashi ne. Yaron tabki yana ɗaga kai sama, yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, kafin ya yi gaba goma ya gaji. Ɗan gasa yana kwantar da jiki a miƙe, fuska cikin ruwa. Cikin ruwan yake fitar da iska, ya juya kai gefe ya shaƙi sabuwa. Asirin ke nan, in asiri ne. Ba a ɗaura shi a damtse, koyonsa ake yi.

Ruwa yana sa yunwa. Mai fitowa daga horo zai ga bayan kwanon shinkafa da wake, ya bi da fura, ya ji kamar bai ci ba. A gidan da ake auna hatsi da tiya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Lokacin ɗari kuma, watan Disamba da Janairu, sa'ad da kowa ke jin wuta, shi sai ya tuɓe ya shiga ruwan da ya kwana a fili. Maganin ruwan yana jan ido, yana busar da fata. Hutunsa irin na kowa ne: fada, shayi, rediyo, zumunci ranar Juma'a. Sai dai hirar dare ba ta karɓe shi ba, taba kuma abokiyar gaba ce ga mai rayuwa da huhu. In abokai sun ɗora shayi na uku, shi ya kamata a ce ya yi sallama.

A nan akwai abin da bai yi daidai ba. Ɗan kokawa yana da makaɗa, yana da kirari. Tun da aka fara kokawar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, duk ƙauyen da ke da rediyo ya san sunayen ƴan kokawa. Wanda ya yi kaye ana masa kari, har doki ana ba shi. Ɗan iyo ba ya jin ganga, kunnensa na cikin ruwa. In ya ci gasa, maƙwabcinsa ma ba lalle ya ji ba. Wahala ɗaya, lada daban.

Ga kuma dokar gasa, ba ta da sassauci. A shekarar 2000, a wasannin Olamfik na birnin Sidni, ƙasar Ostareliya, ɗan Nijar Karim Bare ya tsaya a layin tseren mita 100. Su uku ne. Shi da wani ɗan ƙasar Tajikistan suka faɗa ruwa kafin a ba da alamar tashi. Nan take aka fitar da su. Tafiya mai nisa haka, ta ƙare a ƙiftawar ido. Saura mutum ɗaya, Erik Musambani na ƙasar Gini Ikwatoriya, wanda ya koyi iyo a ƙaramin kwamin otel. Shi kaɗai ya yi tseren, da ƙyar ya kai bango, cikin minti 1 da daƙiƙa 52. Wanda ya ci zinare a wannan tsere daƙiƙa 48 ya yi. Amma har yau duniya ta fi tuna Musambani.

Labarin Hamadu ya yi kama da wannan, sai dai shi a jirgin ruwa aka gan shi. Da wasannin Landan na 2012 suka matso, an ba Nijar gurbin mutum ɗaya a tseren tuƙin kwale-kwale. Akan yi wa ƙasashen da wasa bai kafu ba irin wannan gayyata. Nijar ba ta da ƴan wannan tsere. Sai aka duba cikin masu iyo, don wanda za a ɗora kan siririn jirgi dole ya zama ba ya tsoron kifewa. Aka ɗauki Hamadu, aka aika shi Masar da Tunisiya ya koya. Horonsa duka bai wuce kamar wata 3 ba. Shekarunsa 35, lokacin da yawancin ƴan wasa sun riga sun ajiye.

Tseren kilomita 2 ne. Abokan karawarsa sun yi shekaru suna tuƙi. Kowane zagaye shi ne na ƙarshe. A wani zagayen ya yi minti 8 da daƙiƙa 39, alhali gwanaye suna gamawa cikin minti 7. Sauran sun daɗe da isa, shi yana ta ja shi kaɗai. Jama'ar da ke bakin ruwa suka dinga masa tafi da sowa har ya kai. Jaridun Ingila sun yi ta maganarsa. Wasu suka ce bai kamata a kawo wanda bai ƙware ba. Suna da tasu hujja, gama gasa ta gwanaye ce. Amma laifin ba na mai lambu ba ne. An ba shi wata uku, ya yi abin da wata uku ke iya yi, bai tsaya a tsakiya ba.

Lambar Olamfik biyu Nijar ta samu, ta Isaka Dabore a damben zamani a 1972, da ta Abdul Razak Alfaga a takwando a 2016. A ruwa ba a samu ba tukuna. Amma ana ta zuwa, har da mata. A wasannin Tokiyo da aka yi a 2021, ƴar iyo Rukayya Mahaman tana cikin masu riƙe tutar ƙasa ranar buɗewa.

Manomin Kona zai ce, to ni ina ruwana? Akwai ruwansa, don tabki na bayan gari. Da ya cika, yara ke fara zuwa, da ƴan kiwo masu shayar da dabbobi. Ramin da aka haƙi ƙasar gini da rani, da damina ba a ganin bakinsa, yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa sai ya zurma. Hana yara zuwa ba ya aiki, kowa ya san za su saci jiki. Gara a samu babba wanda ya iya, ya tsaya da su inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya koya musu fitar da numfashi cikin ruwa da kwanciya rigingine. Mai kwanciya rigingine hancinsa na sama, zai iya jiran taimako.

Ruwan tabki kuma ba shi da magani irin na kwami. Kurkunu dai an rabu da shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta kuɓuta. Amma tsargiya tana nan, ƴan ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa ke ɗauke da ita. Yaron da ke fitsarin jini ba balaga ba ce, cuta ce, a kai shi likita, ƙwayar maganinta akwai.

Masu gadin kwamin iyo, duk gwanintarsu, abu na farko da ake koya musu shi ne kada su yi saurin faɗawa kan mai nutsewa. Mai nutsewa ba ya cikin hankalinsa, zai rungume mai cetonsa su tafi ƙasa tare. Daga baki ake miƙa masa abu, ko a jefa. A Kona abin miƙawa ba ya wuya: sandar kiwo, igiyar guga, rawani a warware. Masuntan Argungu kan gora suke hawa su yi yawo bisa ruwa. Jarka mai lita 20 wadda ba kome cikinta, in an toshe bakinta da kyau, ita ma tana riƙe babban mutum har a jawo shi.