Suma a Gaban Alƙali: Tsawon Gashin Namiji da Neman Aiki a Amurka

A nahawun Hausa kalmar gashi namiji ce, kalmar suma kuwa tamata ce, ko a kan wa suka tsiro. Ɗalibin da ya nemi dalili, amsar da zai samu ita ce haka masu harshen suka gada, haka kuma suka saba. Babu wanda wannan sabo yake cuta, domin jinsin kalma ba ya hana kowa cin tuwo. Amma akwai inda aka ɗora wa gashi jinsi ta hanyar da take taɓa abincin mutum, wato wurin ɗaukar ma'aikata, inda ake cewa doguwar suma ta mata ce, namijin da ya tara ta kuwa sai ya zaɓa, ko ita ko albashi. Ƙasar da aka fi kai ruwa rana a kan wannan batu a gaban alƙalai ita ce Amurka, kuma abin da kotunanta suka yanke ya isa abin nazari ga duk mai sha'awar sanin yadda al'ada take sulalewa ta shiga cikin doka.

A watan Yulin 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin 'Yan Ƙasa. Babi na bakwai na dokar ya haramta wa mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda asali, ko launin fata, ko addini, ko ƙasar tushe, ko jinsi. Ita kalmar jinsi a ƙurarren lokaci ta shigo, a matsayin gyaran da ɗan majalisa Howard Smith na jihar Virginia ya gabatar ana tsakiyar muhawara, saboda haka majalisa ba ta bar dogon bayani a kan abin da take nufi da ita ba. Sai nauyin fassara ya faɗo a wuyan kotuna. Wannan kuwa ya zo daidai da zamanin da samarin ƙasar suka fara barin suma, wasu don koyi da mawaƙa, wasu don nuna adawa da yaƙin Biyetnam.

Shari'ar da ta zama ginshiƙi ta faro ne a garin Macon na jihar Jojiya. A watan Yulin 1970 wani saurayi mai zane, Alan Willingham, ɗan shekara 22, ya nemi aikin tsara tallace-tallace a jaridar Macon Telegraph. Sumarsa ta sauko zuwa kafaɗa, kuma saboda ita aka ƙi ɗaukarsa. Jaridar ba ta ɓoye dalilinta ba. A farkon watan an yi wani gagarumin bikin kaɗe-kaɗe a Byron, kusa da Macon, wanda ya tara dubban ɗaruruwan matasa, har Jimi Hendrix ya yi wasa a wurin. Mutanen yankin sun ƙosa da abin da suka gani na shaye-shaye da tsiraici, suka kuma jingina shi ga samari masu doguwar suma. Jaridar ta ce 'yan kasuwar da suke ba ta talla ba za su so ganin irin wannan saurayi yana shigar musu kanti da sunanta ba. Hujjar Willingham gajera ce: da mace ce ta zo da wannan suma, da wannan ƙwarewa, da an ɗauke ta. Abin da ya hana shi aikin, ke nan, kasancewarsa namiji.

A 1973 ƙaramin zaman kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta biyar ya karɓi wannan hujja. Amma da dukkan alƙalan kotun suka sake zama a kan maganar, sai rinjayensu ya juya hukuncin a 1975. Suka ce abin da doka take karewa iri biyu ne. Na farko, halittar da mutum ba shi da ikon sauyawa, kamar launin fata. Na biyu, wani babban haƙƙi na rayuwa, kamar aure da haihuwa. Da wannan ma'auni suka bambanta ƙarar Willingham da ta Ida Phillips, wadda kamfanin Martin Marietta ya ƙi ɗauka saboda tana da ƙananan yara alhali yana ɗaukar maza masu ƙananan yara, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi amincewa da wannan bambanci a 1971. Tsawon gashi, in ji alƙalan, ba ya cikin ɗayan biyun, domin ana iya rage shi. Suka ƙara da cewa jaridar tana auna maza da mata duka da ma'auni ɗaya, wato abin da jama'ar gari suka ɗauka kintsi ne. Sauran kotunan ɗaukaka ƙara da suka duba irin wannan ƙara a shekarun nan duk hanyar suka bi, har hukumar gwamnatin tarayya mai kula da daidaiton damar aiki, wadda ra'ayinta ya saɓa da nasu, ta haƙura da bin irin waɗannan ƙararraki.

Wanda ya karanta hukuncin a natse zai ga cewa an sauya tambaya a tsakiyar hanya. Doka ta tambayi dalilin da ya sa mai ɗaukar aiki ya ƙi mutum. Kotu kuwa ta koma tambayar ko mai neman aikin zai iya kawar da abin da aka ƙi shi dominsa. Da zarar an yarda da wannan sauyi, nauyi ya tashi daga kan wanda ya gindaya sharaɗi ya koma kan wanda ya zo neman abinci. Wani abin lura shi ne, wannan kotu da kanta, a 1971, ta yanke hukunci a ƙarar Celio Diaz, wanda kamfanin jiragen sama na Pan American ya ƙi ɗauka aikin hidimar fasinjoji saboda namiji ne. Kamfanin ya kawo shaidar cewa fasinjoji sun fi son mata. Kotu ta ce son ran abokan ciniki ba ya halatta bambanci, domin irin wannan son rai shi ne ainihin abin da aka kafa dokar don a kawar. Bayan shekara huɗu, sai ga son ran 'yan kasuwar Macon ya zama hujja karɓaɓɓiya, don kawai an sa masa sunan kintsi.

Shi kansa kintsin da aka dogara da shi bai daɗe ba. George Washington da tsaransa gashinsu dogo ne, suna ɗaure shi ta ƙeya. Sai a 1801 Janar James Wilkinson ya umarci sojojin Amurka su yanke wannan jela, wani tsohon hafsa mai suna Thomas Butler ya ƙi, aka gurfanar da shi gaban kotun soja har sau biyu, ya rasu a 1805 da jelarsa. Mai karatu da ya tashi a makarantar zaure ba ya bukatar a kai shi nesa kafin ya gane wannan. A littattafan siffofin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, irin su Shama'il na Imamu Tirmizi, akwai kalmomi uku na tsawon sumar namiji, wafra da limma da jumma, daga wadda ta tsaya a kunne zuwa wadda ta kai kafaɗa. Samarin Fulanin daji suna yin kitso, ba a kuma taɓa cewa hakan ya rage musu mazakuta a fagen sharo ba. Bahaushe kuwa ya fi sabawa da ƙwaryar molo a ƙarƙashin hula, yana kallon mai gizo da wani ido. Kowace al'umma da nata, kowane zamani da nasa. Abin da alƙalan 1975 suka kira ma'aunin jama'a, yayin wani gari ne a wani ɗan lokaci.

Ba a hana mai kamfani nasa uzurin. Gashin da ya sauko yana iya shiga inji, yana iya faɗawa cikin abinci, yana iya zama abin kamawa ga mai gadi idan rigima ta tashi. Haka kuma wanda ya zuba dukiyarsa ya buɗe wurin sana'a yana da haƙƙin ya nemi ma'aikatansa su fito fes. Sai dai duk waɗannan uzurori suna da siffa guda: ba ruwansu da jinsi. Inji ba ya tantance sumar mace da ta namiji. Idan ɗaure gashi ko rufe shi da hula ya wadatar ga ma'aikaciya a ɗakin girki, ya wadatar ga abokin aikinta. Ƙa'idar da take da dalili na aiki takan ce kowa ya ɗaure, kowa ya rufe, kowa ya tsabtace. Wadda sai ta ambaci maza kafin ta tsaya da ƙafarta, wani abin daban take karewa.

Ma'aunin halittar da ba ta sauyuwa ma bai zauna daidai da dokar ba, domin addini yana cikin abubuwa biyar da ta lissafa, alhali mutum yana iya barin wani addini ya shiga wani. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 1972, wajibi ne mai ɗaukar aiki ya yi wa ma'aikaci sassauci a kan abin da addininsa ya ɗora masa, matuƙar hakan bai jawo wa kamfani wahala mai yawa ba. Saboda haka mabiyin addinin Sikh ko na Rastafari yana da ƙofar da zai bi ya tsira da sumarsa. Maƙwabcinsa mai suma iri ɗaya, wanda ba shi da wata aƙida a kanta, ba shi da wannan ƙofa. Kamfanin da ya iya zama da sumar na farko ba tare da ciniki ya tsaya ba ya riga ya nuna cewa ta na biyun ma ba za ta tsayar da shi ba.

A 1989 an zaci tushen hukuncin Willingham ya girgiza. Kamfanin akantoci na Price Waterhouse ya hana Ann Hopkins zama abokiyar tarayya, aka kuma ba ta shawarar ta riƙa tafiya da magana irin ta mata, ta yi kwalliya, ta gyara gashi, ta sa kayan ado. Kotun Ƙoli ta ce tilasta wa mutum ya dace da siffar da aka zana wa jinsinsa nuna bambanci ne. Duk da haka, a 1998 kotun shiyya ta goma sha ɗaya ta kori ƙarar maza huɗu da kamfanin Blockbuster ya sallama saboda sun ƙi rage suma, tana mai dogaro da hukuncin 1975.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hujjar da aka kayar da samari masu suma da ita ba a kansu ta tsaya ba. Darlene Jespersen ta shafe kusan shekara 20 tana aiki a mashayar gidan caca na Harrah's a garin Reno. A shekarar 2000 kamfanin ya fito da ƙa'ida: mata su shafa hoda da jan baki da sauran kayan kwalliya, maza kuwa kada gashinsu ya wuce kwalar riga. Ta ƙi yin kwalliya, ta rasa aikinta. A 2006 kotun shiyya ta tara ta ce tun da kowane jinsi an ɗora masa nasa sharaɗin, kuma ba ta kawo shaidar cewa na mata ya fi nauyi ba, babu bambanci. Wato askin da aka wajabta wa maza shi ya zama hujjar hodar da aka wajabta wa mata.

Daga nan wutar ta kai ga baƙar fata. A 2010 wani kamfani a garin Mobile na jihar Alabama ya ɗauki Chastity Jones aikin amsa wayar abokan hulɗa, aikin da mai kira ba ya ganin fuskar mai amsawa, sannan ya janye tayin saboda ta ƙi yanke gashinta da ta murɗa irin wanda ake kira dada. A 2016 kotun shiyya ta goma sha ɗaya, wadda aka cire daga ta biyar a 1981 ta kuma gaji hukunce-hukuncenta, ta ce salon gashi abu ne mai sauyuwa, ta ambaci Willingham cikin hujjojinta. Sai da majalisun jihohi suka shigo, California ta fara a 2019 da dokar da ake kira CROWN, wadda ta kare kitso da dada da makamantansu, jihohi fiye da 20 suka bi sahu. Amma waɗannan dokoki launin fata suka duba. A Fabrairun 2024 wani alƙali a Texas, a ƙarar da ta shafi wata makaranta, ya ce dokar jihar ba ta taɓa ƙa'idar tsawon gashin yara maza ba.

A 2020, a shari'ar Bostock, wadda ta shafi korar ma'aikata saboda neman jinsi ɗaya ko sauya jinsi, Mai Shari'a Neil Gorsuch ya bayyana gwajin da ake yi: a sauya jinsin ma'aikaci kaɗai, a bar komai yadda yake, a ga ko matakin da kamfani ya ɗauka zai sauya. Wannan ita ce hujjar da Willingham ya kawo shekara 50 kafin nan. Sai dai kotun ta faɗa ƙarara cewa ba ta yanke komai a kan ƙa'idojin sutura ba, saboda haka tsohon hukuncin yana nan bai faɗi ba.

Waɗanda suka kai ƙara 'yan ƙalilan ne. Mafi yawan masu neman aiki ba su da kuɗin lauya, ba su da shekara biyar da za su jira kotu, ga kuɗin haya yana jiransu a ƙarshen wata. Sukan biya ta shagon aski kafin ranar ganawa, su shiga ofis da kai a gyare, babu wanda zai san an tilasta musu wani abu. Shi ya sa ƙa'idar take bayyana kamar ba ta cutar da kowa: masu biyan kuɗinta a shiru suke biya. Mai rubuta irin wannan ƙa'ida, a kamfani ne ko a makaranta ko a ma'aikata, yana da hanya mai sauƙi ta gwada ta kafin ya sa hannu. Ya goge kalmar maza daga cikin jimlar, ya sake karantawa. Idan ta ci gaba da kare inji da abinci da tsabta, ƙa'idar aiki ce. Idan kuwa ta rushe, to dama abin da take buƙata daga mai neman aiki shi ne ya yi kama da namijin da mai kamfani ya saba gani, wannan kuwa ba ya cikin abin da ake biyan albashi dominsa.