Wa Zai Ce A Gwada Shi?

Babu garin da za ka shiga a ƙasar Gwandu ka rasa yaron da ake kira Dogo. Mu ma nan Dangoma ba mu taɓa rasa namu ba, tsara bayan tsara. Aikinsa sananne ne. Shi ke kakkaɓo mangwaro, shi ke miƙa dami saman rumbu, in ƙwan lantarkin masallaci ya mutu shi ake aika wa. A aji kuma bencin baya aka yanka masa, don kada ya tare wa 'yan'uwansa allo. Shekarun da na yi ina riƙe da alli na ga irinsu da dama sun shigo sun fita, kuma ban taɓa jin uba ko malami ya ɗauki tsawon nan a matsayin jari ba. Abin tsokana ne kawai.

Akwai wani Dogo da ba namu ba ne, amma a ƙasarmu arzikinsa ya fara buɗewa, kuma kaɗan daga cikin yaranmu suka san haka. An haifi Hakeem Olajuwon a Legas a 1963, iyayensa Yarabawa ne Musulmi masu sana'ar siminti. Da ya taso ƙwallon ƙafa ya sani, shi ne gola, sai kuma ƙwallon hannu. Yana ɗalibi a Muslim Teachers College ta Legas, wajen ƙarshen shekarun 1970, aka shirya gasar wasannin malamai ta ƙasa baki ɗaya a Sakkwato. Lokacin babu jihar Kebbi, sai a 1991 aka yanke ta, don haka mu da Birnin Kebbi da Argungu da Yawuri duk Sakkwato ce hedikwatarmu. Sunan yaron yana cikin 'yan ƙwallon hannu. Sai wani ɗalibi ɗan'uwansa ya je wurin kocin ƙwallon kwando ya roƙa a sa shi cikin 'yan wasa. Koci ya yarda. Shekararsa 15 a lokacin.

Duk kofunan da ya ci daga baya ba su tsaya mini a rai kamar wannan wurin ba. Ba wani Bature mai jakar daloli ne ya fara hango shi ba. Yaro ne sa'arsa, wanda suke cin abinci a kwano iri ɗaya, ya dube shi ya ce wannan ya kamata a gwada shi. Kuma maganar yaron nan ta yi amfani ne saboda akwai wurin da za a kai ta. Akwai kocin da aikinsa ke nan, akwai gasar da hukuma ta shirya, akwai motar da ta ɗauko ɗalibai daga bakin teku ta kawo su har Sakkwato. Da babu gasar, da roƙon abokin ya ƙare a hirar ɗakin kwana, an yi dariya an kwanta.

Mu malamai muna son faɗin cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma da wannan karin magana mun sallami yara da yawa da muka ga kamar sun makara. A Amurka yaro kan fara jefa ƙwallo cikin kwando tun kafin ya shiga firamare. Shi wannan ya fara ne a shekarun da wasu ke tunanin aure. Amma shekarun baya ba su tafi a banza ba. Tsaron gida ya koya masa karanta ƙwallo tun tana sama, ya koya masa tsalle a kan kari. Saurin ƙafar da ya dinga ruɗa manyan ƙarti da shi, ya yi kamar zai bi dama ya juya hagu, shi da kansa ya sha danganta shi da ƙwallon ƙafa. Har yau ba a sami wanda ya kai shi tare ƙwallo a tarihin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ba: sau 3,830 aka lissafa masa. Ni da na tashi cikin masu langa da kokawa ban yi mamaki ba. Yaron da ya iya tsayuwa da ƙafa ɗaya a fagen langa ana tunkuɗarsa bai faɗi ba, ya riga ya mallaki abin da wani koci zai shekara yana koyarwa.

A 1980 ya sauka a Houston, jihar Texas, don a gwada shi a jami'ar garin. Ba wanda ya zo tarbarsa a filin jirgi. Da ya buga waya, cewa aka yi ya hau tasi ya zo. Shekarar farko bai buga gasa ba. Ta biyu yawanci a benci ya yi ta, sai a sa shi a cire. Wannan zangon ne masu ba da labari ke tsallakewa, alhali nan ne mutum ke karyewa ko ya ƙeru: ƙasa ba taka ba, abinci ba naka ba, ga tsawo kusan ƙafa bakwai, kuma kowa na ganin ba ka iya ba. Abin da ya yi shi ne, da aka yi hutu ya tafi wani ɗakin wasa na unguwa mai suna Fonde, inda Moses Malone, gwarzon ƙungiyar Houston Rockets na wancan zamani, yake motsa jiki. Ya dinga karawa da shi, ana ture shi yana tashi. Da makaranta ta dawo, kocinsu Guy Lewis ya tarar da wani mutum daban. Na lura a rayuwa cewa yaro mai baiwa yakan so fagen da shi ne babba, a yi ta yi masa tafi. Wanda zai yi nisa kuwa, da ƙafarsa yake neman wanda zai kayar da shi.

Jami'arsu ta kai wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka a 1983 da 1984, duka biyun aka doke su. A 1984 ɗin, ranar da ƙungiyoyin NBA ke zaɓen sababbin 'yan wasa, sunansa aka fara kira, Houston Rockets ta ɗauke shi. Michael Jordan, wanda ko a Kalgo za ka ga yaro sanye da riga mai sunansa, shi ne na uku. Daga nan sai da ya shekara goma kafin ya ɗaga kofi, a 1994, ya maimaita a 1995.

Cikin waɗannan shekaru goma akwai abin da ya fi ƙwallo. Farkon shigarsa an san shi da zafin rai, ga faɗa a fili, ga cacar baki da alƙalan wasa. Daga baya ya koma ya riƙe addininsa da gaske, har a 1991 ya gyara rubutun sunansa daga Akeem zuwa Hakeem. Yana azumin Ramadan yana buga wasa, a gasar da ake yin wasanni 82 kafin a shiga zagayen kofi. A Fabrairun 1995, wanda ya zo daidai da watan azumi, shi aka zaɓa gwarzon wata. Ba ina cewa azumi ne ya ci masa wasa ba, kada wani yaro ya ji ya daina atisaye. Abin da na gani shi ne mutumin da ya daina ɓarnatar da ƙarfinsa a kan fushi. Kuma da aka zo maganar tallar takalmi, inda taurari ke kwasar kuɗi, ya sa sunansa a kan takalmin kamfanin Spalding da ake sayarwa wajen dala 35, a lokacin da na sauran ke haura ɗari, don uwa mai ƙaramin ƙarfi ta iya saya wa 'ya'yanta. Wannan ya fi burge ni a kan lambar zinare da ya ci wa Amurka a Atlanta a 1996, wadda har yau in na tuna ba a wuyan ɗan wasan Najeriya aka rataya ta ba sai na ji wani iri.

Sai dai kada labarin mutum ɗaya ya ruɗe mu. Wajen mutum 60 kacal ake zaɓa a NBA a shekara, daga duniya duka. Shi ya sa nake so yaranmu su san labarin Masai Ujiri ma, wanda ya tashi a Zariya. Yana ɗan shekara 13 ya fara wasa a can, a hannun wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda ya daɗe yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Ya tafi sakandare a Seattle, ya yi kwaleji a Bismarck da ke North Dakota, ya buga wasan kuɗi a Ingila da wasu ƙasashen Turai na 'yan shekaru. Bai taɓa taka filin NBA a matsayin ɗan wasa ba. Da ya ajiye wasa a 2002, sai ya karɓi aikin farauto wa ƙungiyar Orlando Magic 'yan wasa ba tare da albashi ba, yana biyan kuɗin tafiya daga aljihunsa. A 2010 ya zama babban manajan Denver Nuggets, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyi, a 2019 kuma Toronto Raptors da yake jagoranta ta ci kofin NBA karo na farko a tarihinta. Ɗan Zariya ke nan, wanda in da wasansa kaɗai ya dogara da shi da yanzu ba wanda ya san shi. Karatu da iya zama da mutane suka ɗauke shi daga inda ƙafa ta gaza. Tun 2003 yake dawowa Afirka yana shirya wa matasa sansanin horo ƙarƙashin Giants of Africa, wato yana yi wa wasu abin da aka yi masa a Zariya.

Zan ɗan kauce in yi gargaɗi, don na ga abin da idona. Akwai masu yawo da sunan wakilai, su ce za su fitar da yaro waje in an kawo kuɗin biza. Na san gidan da aka sayar da shanu saboda irin wannan alkawari, yaron ya ƙare a wani masauki a Legas, wayar wakili a kashe. Akwai kuma masu ba da shawarar a rage wa yaro shekaru a takarda. Ƙarya ce da ke bin mutum har tsufansa, kuma ta sa ana zargin yaranmu masu gaskiya. Duk wanda ya ce a biya shi kafin ya ga yaro yana wasa, ba ƙwallo ta kawo shi ba.

Abin da ke damuna a yau ba rashin dogaye ba ne. Kwalejojin horon malamai irin na da, masu ba da Giredi Tu, an rufe su ko an mayar da su sakandare, kuma da yawa daga al'adunsu sun bi su. A can malami ba ya fita sai ya san yadda ake shata fili da toka, ya riƙe usur, ya raba yara gida-gida su kara. Bayan la'asar kowa fili yake nufa, ko yana so ko ba ya so. Wanda ya yi fice a makaranta ya je gasar yanki, daga nan ta jiha. Yanzu a makarantu da yawa ana tashi kowa ya kama gabansa, malami ya hau babur ya tafi neman na cefane, kuma ban ga laifinsa ba. Wasannin gidaje sun koma bikin yini guda, a yi maci, a kira babban baƙo ya yi alkawarin gudummawa, a watse sai baɗi. 'Yan mata kuwa ba a ma sa su a lissafi, alhali a Paris a 2024 'yan matan Najeriya ne suka kai zagayen 'yan takwas a ƙwallon kwando na Olamfik, abin da wata tawagar Afirka, ta maza ko ta mata, ba ta taɓa yi ba.

Filin ƙwallon kwando mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, bai kai filin da ake shanya shinkafa a wasu gidajen ba. Zoben yana sama da ƙasa mita 3 da ɗan ɗoriya, kuma duk mai walda a Kalgo zai iya lanƙwasa shi cikin yini guda. Siminti da ƙarfe ba su fi ƙarfin garin da 'ya'yansa ke gina gidaje da masallatai ba. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi nan a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cike da matasan da wasunsu sun san wasan. Abin da ya fi wuyar samu shi ne malami guda da za a riƙa biya ɗan alawus ya tsaya bayan an tashi, wata bayan wata, da kuma motar da za ta kai yaran Gwandu ko Jega su kara da wasu in zangon karatu ya ƙare.